Faifan da Ya Maƙale a Motarmu

Ba zan faɗi sunan yarinyar ba, kuma ba don tsoron kowa ba. 'Yar fari ce, ga shi sunan surukata ta ci, to ta ina bakina zai fara? Tun ranar suna nake ce mata "Ke", in kuma ta ɓata mini rai, "Ke wannan yarinyar". Ubanta yana kiranta Mamana. Haka uwata ta yi mini, haka aka yi mata, kuma ba wadda kunya ta kashe a cikinmu.

Tana da shekara bakwai muka sauka Kuala Lumpur. Maigidan ya zo digiri na biyu, ya zarce na uku, ya ce in kwantar da hankalina, kwana nawa ne mun koma gida. A shekarar da nake ba da labarinta yarinyar ta kai sha huɗu, ta fi ni tsawo, shi kuwa yana nan a babi na huɗu. Duk unguwarmu ta Sri Petaling Dakta ake ce masa, har mai kantin da ke ƙasan gininmu. Mutum ɗaya ne ya ƙi bin sahu, wato malamin da ke duba aikinsa, kuma da rashin sa'a maganarsa ce ke aiki. Amma Allah ya rufa asiri ta wani ɓangaren: shi ne Sakataren Kwamitin Tarbiyya na ƙungiyar 'yan Arewa, yana kuma hangen kujerar shugaba a zaɓe mai zuwa.

A makarantar yarinyar darasin kiɗa dole ne. Mu duk mun ɗauka irin sarewar robar nan ce da yara ke hurawa su jefar. Sai ga ta wata rana da baƙin akwati mai hannu da makaranta ta ara mata, ta ajiye a tsakar falo ta buɗe. Wani ƙarfe ne ruwan gwal, a nannaɗe, da maɓallai uku a samansa.

Ubanta ya leƙa ya ce, "Mamana, wannan ai ƙaho ne."

Ta ce, "Trumpet, Abba."

Ya ce, "Na ji. Ƙaho ne da ya yi boko."

Watannin farko mun sha wuya. Abin yana kuka kamar akuyar da ake ja kasuwa. Maƙwabciyarmu, wata tsohuwa 'yar China, ta zo ta ƙwanƙwasa ƙofa, ta ce boleh, boleh, ba ta hana ba, amma ban da lokacin barcinta na rana. Sai yarinyar ta koma yin busarta a cikin durowar kaya, ta shige tsakanin atamfofina da manyan rigunan ubanta ta ja ƙofa. Ni ban ga laifin tsohuwar ba. A ginin nan ko turmi ka daka sai an aiko maka mai gadi. Ni da a can Kano cikin birni ba a kai amarya a unguwarmu sai an aiko a kira ni in yi guɗa, shekara bakwai ke nan ina haɗiye ta.

Sannu a hankali akuyar ta daina kuka. Malaminsu na kiɗa, wani dattijo ɗan China mai furfura da yara ke ce wa Cikgu, ya ce yarinyar tana da kunne. Ya ara mata wani tsohon faifai, ya ce ta yi ta saurare, don a taron ƙarshen shekara za su busa wasu waƙoƙin da ke ciki, kuma ita ce za ta tsaya a gaba.

Ita ta yi mini bayanin faifan ina tsince shinkafa. Wai akwai wani tsohon wasan kwaikwayo na Turawa, irin wanda suke kira opera, wanda ba a magana a cikinsa, kome rera shi ake yi. Ko ruwa mutum zai roƙa sai ya yi waƙa, ko mutuwa ta zo sai ta jira ya ƙarasa baitinsa. To sai wasu makaɗan jaz na Amurka suka ɗauki waƙoƙin wasan, suka sallami mawaƙan, suka zubar da kalmomin, suka ba ƙaho aikin murya. Inda mace ke kuka a wasan, ƙaho ne ke kuka. Inda namiji ke rantsuwa, ƙaho ne ke rantsuwa. A bayansa kuma ga taron mabusa, manya da ƙanana, suna yi masa amshi.

Na ce, "To ke wacce za ki busa?"

Ta ce wadda uwa ke lallashin 'yarta a gaban mutanen unguwa, tana yabonta, tana faɗa mata za ta girma ta zama wani abu.

Na ce, "A gaban mutane? 'Yar fari ce ko ta tsakiya?"

Ta dube ni ta ce, "Umma, what?"

Na ce ba kome, amma a raina na ce wannan uwa ba ta da kunya.

A gidan ba mu da abin sa faifai sai a mota. Motar nan kuwa maigidan ya saye ta a hannun wani ɗalibi da ya gama, shi ma a hannun wanda ya gama ya saya. Ta ga an kammala digiri a hannun mutum uku, tana jiran na huɗu cikin haƙuri. Yarinyar ta tura faifan, ya shiga lafiya, ya ce ba shi fitowa. An gwada wuƙa, an gwada tsinken kitso. Bakanike ya ce sai an ɓalle gaban motar gaba ɗaya. Maigidan ya ce a bari sai ya gama babi na huɗu, wato dai a bari har abada.

Daga nan faifan ya zama ɗan gida. Da an murɗa makulli sai ya ɗora daga inda ya tsaya. Kasuwa da shi, asibiti da shi, kai yara makaranta da shi. Maigidan ya yi ta mita. Ya ce kiɗa ne marar kan gado, ba kalangu, ba amshi, ba a san wa ake yi wa ba. "Waƙa ba ubangida, ba kirari, ina amfaninta?" Na ce to ya kashe mana. Ya ce maɓallin kashewar ya lalace.

Na yarda, har ranar Juma'ar da muka rage wa Ustaz hanya. Ustaz ɗalibi ne daga unguwar Taman Melati, shi ke ja wa maza salla in an taru, shi ne kuma shugaban kwamitin su maigidan. Yana kama murfin motar na ga yatsan Dakta ya kai kan maɓallin nan da ya lalace, ya taɓa shi sau ɗaya, motar ta yi tsit. Muka yi tafiya ana hirar taɓarɓarewar tarbiyya a ƙasashen waje. Muna sauke shi, ko kwana ba mu sha ba, maɓallin ya sake lalacewa.

Na kau da kai. Kifi na ganinka, mai jar koma.

Bayan wata biyu mutumin da ya ce kiɗan ba shi da kan gado ya fara yi mana fassararsa. In manyan ƙahonin nan masu kaurin murya suka yi gunaguni sai ya ɗaga yatsa ya ce, "Kun ji supervisor ɗina. Yana cewa methodology ɗin bai zauna ba." In ƙaramin ƙahon ya shigo da siririyar muryarsa, sai ya dafa ƙirji: "Wannan ni ne. Ina cewa, Prof, don Allah, ina da iyali." In aka zo waƙar uwar nan kuwa ba ya fassara. Sai dai ya rage gudu, har na baya su yi ta danna masa oda. Akwai ranar da muka iso gida waƙar ba ta ƙare ba, ya ƙi kashe mota, ya ce yana so injin ya huce. Ni dai ban taɓa jin inda inji ke hucewa a kunne ba.

Asirinmu ya tonu ta hanyar hoto. Makarantar ta fitar da tallan taron da hoton yarinyar a tsakiya, ga hijabi, ga ƙaho a baki. Hajiya ce ta fara gani. Hajiya matar wani malamin jami'a ce da ke zaune a Bukit Jalil, ita ce uwar ƙungiyar mata, kuma ba a taɓa haihuwar labarin da ya kwana a wayarta ba. Kafin la'asar hoton ya shiga zauren matanmu na waya, da rubutu a ƙasa: "Innalillahi. 'Yar Sakataren Tarbiyya."

Ta kira ni don jaje. "Maman yara, wallahi I was shocked. Ke ba ki san kumatunta za su saki ba? Ba ki ga na masu algaita ba, kamar an cusa musu lemo? Wa zai aure ta? Kuma busa ai gado ce. Ku a danginku akwai maroƙa ne?"

Wannan Hajiyar, a bikin sunan jikarta, ita ta ɗauko lasifika biyu ta sa waƙoƙin biki har gilashin zauren yana rawa, ta cashe har ɗankwali ya faɗi, sai da masu gadin gini suka zo. Laifi tudu ne. Na so in tuna mata, amma ta girme ni, sai na ce, "Allah ya kyauta, Hajiya."

Maza kuma suka kira taron gaggawa a mamak, irin shagon cin abincin nan na Indiyawa Musulmi da ba a korar mutum ko ya wuni a kan shayi kofi ɗaya. Ban je ba, amma abin da maza suka tattauna a asirce ba ya kai magariba bai iso kicin ba. Wai an daɗe ana muhawara a kan ko waƙar da ba ta da kalmomi waƙa ce. Wani mai karatun injiniya ya ce sauti ne kawai, kamar odar mota. Wani mai karatun shari'a ya ce tunda asalinta da kalmomi, to kalmomin suna nan a ɓoye, ana binta da hukuncinsu. Aka tambayi ko akwai wanda ya san kalmomin, babu. Aka tambayi ko akwai wanda ya taɓa jin faifan, Sakatare ya duƙar da kai yana rubutu. Ustaz, in ba shi haƙƙinsa, ya ce malamai sun yi saɓani kuma shi ba zai yanke a kan abin da bai ji ba. Sai aka kafa ƙaramin kwamiti, aka sa a kawo roti, gurasar Indiyawa.

Amma kafin a watse wani ya ja maigidan gefe ya faɗa masa ainihin maganar. Ya ce, "Dakta, kai fa kake neman chairman. Mutane za su ce wanda bai iya gidansa ba." Ni tun farko na san ba tsoron Allah ne ke damun yawancinsu ba. Tsoron a ce 'yar wane ta zama maroƙiya ne.

Ya dawo gida fuska a ɗaure, ya kira ta falo. Bai iya kallon idonta ba, hoton Ka'aba da ke bango yake kallo. Ya ce an riga an yi wa makaranta alkawari, saboda haka ta je ta yi busar ranar Asabar. Amma ranar Litinin ƙaho zai koma hannun masu shi, kuma an gama. Shi kuma ba zai shiga zauren ba. Zai kai mu, ya jira a mota.

Ta ce, "Abba, you like it. Kana so. Na gan ka."

Ya ce, "Mamana, na gama magana."

Ta biyo ni kicin ina yanka albasa, ta tsaya a bayana. Ta ce, "Umma, talk to him lah. Please."

Na ce, "Ke, ba ruwana. Tsakaninki da ubanki ne."

Abin da ya kamata in faɗa ke nan. A gidanmu uwa ba ta tsaya wa ɗan fari. Goggo ce ke tsaya masa, ko kaka, ko matar kawu. Su ke yabonsa, su ke share masa hawaye, su ke zuwa su yi wa uba faɗa. Tsari ne mai kyau, kuma yana aiki. Abin da ba wanda ya gaya mini shi ne yadda ake yi in goggo da kaka da matar kawu duk suna can bayan teku, kai kuma kana hawa na goma sha biyu a Sri Petaling.

Ta ce, "You never take my side. Ko sunana ba kya faɗa. Ƙawayena sun ɗauka sunana Ke."

Na ce kunya ce. Ta ce kunyar me, me ta yi? Na buɗe baki in yi mata bayani, na rasa ta inda zan kamo shi da harshen da za ta gane. Ta jira, ta gaji, ta tafi. Can na ji ƙofar durowa ta rufe, sai waƙar uwar nan ta fara fitowa a shaƙe daga cikin atamfofina. Maganarta ta yi mini zafi ƙwarai, na yi kuka, kuma ba albasa ba ce.

Ranar Asabar da azahar muka tafi. Makarantar ta ari wani zaure a Bukit Jalil. Maigidan ya sa babbar riga da hula, wai don zaman mota. Ya sauke mu a ƙofa. Muna shiga na hango Hajiya da mata biyu a layin tsakiya, wayoyi a hannu. Ta ce sun zo ne don su gani da idonsu, gani ya kori ji.

Zauren sanyi kamar cikin firji. Mutanen ƙasar nan kuma in sun zauna sauraron kiɗa sai ka rantse jana'iza ce. Ba mai motsi, ba mai tari. Wata budurwa Bamalayiya mai kula da kujeru ta yi sanarwa cewa kada a tafa sai an kai ƙarshen kowace waƙa. Na zauna na cusa hannuwana cikin hijabi. Da ma ni ba tafi zan yi ba. Uwa ba ta tafa wa 'yar fari, sai dai ta kau da kai kamar ba ta san 'yar waye ba.

An yi waƙa biyu sai na ji ƙamshin turaren da na sani. Na waiga, ga Dakta a kujerar ƙarshe kusa da ƙofa. Ya yi mini alama da hannu wai zafi ne ya koro shi daga mota.

Sai Cikgu ya ɗaga sandarsa, yarinyar ta fito gaba. Baƙar doguwar riga, farin hijabi. Ta sa wa bakin ƙahon wani ɗan murfi da ke sa muryarsa ta zama siririya. Manyan ƙahoni suka fara gunaguninsu a hankali, ta lumshe ido, ta shigo.

Na ji waƙar nan a mota har na haddace inda faifan ke tsalle. Amma ban taɓa jin ta daga bakin wadda na goya ba. Ba ta yi sauri ba. Tana jan sauti ɗaya har sai ka ce numfashinta zai yanke, sannan ta sauke shi a hankali kamar mai kwantar da jariri. Kumatunta ko motsi ba su yi ba, Hajiya ta sani. Na dafe hannuwana da ƙarfi a cikin hijabi, na kafa ido a kan takalmin matar da ke gabana.

Sai na ji shuu, shuu, ƙarar shadda. Na ɗago. Sakataren Kwamitin Tarbiyya ne ke saukowa ta tsakiyar zaure, yana gyara hannun babbar riga a kafaɗa, ɗaya hannun yana cikin aljihu. Na san tafiyar nan. Duk wanda ya taɓa zuwa biki a Kano ya san ta. Na ce a raina, shi ke nan, yau mun shiga uku.

Ya hau matakalar dandamali kamar gidansu. Ya zaro kuɗi, ya manna takarda ɗaya a goshin yarinyar, ya ɗaga murya: "Sai ke, Mamana! Ɗaya tamkar da dubu!"

To liƙi yana da sharuɗɗa. Ana buƙatar gumi, ana kuma buƙatar kuɗin da ya sha hannu ya yi laushi. Ƙananan kuɗin ƙasar nan na roba ne, santsi gare su, goshin kuwa sanyi ya busar da shi, rabinsa ma hijabi ya rufe. Takardar ta zame ta faɗi. Ya zaro wata ya danna da babban yatsa, ita ma ta bi 'yar uwarta. Bai karaya ba. Ya koma zuba mata a ka, suna gangarowa ta kafaɗa, wata ta sauka a kan ƙahon ta tsaya.

Budurwar nan mai kula da kujeru ta rugo a duƙe tana raɗa, "Tak boleh, tak boleh," wato ba a yi, ba a yi. Da ta ga kuɗi a ƙasa, kuma da hoton sarkinsu a jiki, sai ta bar shi ta durƙusa tana tsincewa da hannu biyu kada a taka. Shi kuma ya ɗauka ita ce mai tara wa makaɗa, ya ce mata, "Yawwa, 'yar albarka," ya ƙara zubowa. Cikgu ya waigo, sandarsa dai ba ta tsaya ba. Yaran da ke baya wasu dariya ta hana su busa.

Yarinyar ba ta buɗe ido ba. Na ga hawaye ya gangaro mata, na ga kafaɗarta na rawa, ban san ko dariya ce ko kuka ba. Amma sautin bai karye ba. Ta kai waƙar har ƙarshe, ta ja sautin ƙarshen ya yi siriri ya ɓace, ta sauke ƙahon.

Zauren ya yi tsit. Ba wanda ya san ko an gama, ko wannan mutumin mai babbar riga yana cikin shirin, ko a kira masu gadi. Ta buɗe ido, ta dubi ubanta, ta dubi jama'a. Ba tafi ko ɗaya. Sai na ga idonta yana bin layuka ɗaya bayan ɗaya, na gane ni take nema, na kuma ga fuskarta ta fara faɗuwa.

Ban yi shawara da kowa ba. Na ji ni a tsaye, yatsuna biyu a kan hanci, na rangaɗa guɗa. Guɗar shekara bakwai ce, ta fito da tsawonta, ta bugi rufin zauren ta dawo. Matar da ke gabana ta dafe kunne. Ɗaya daga cikin matan da suka raka Hajiya ta manta abin da ya kawo ta, ta karɓa mini. Sai zauren ya ɓarke da tafi, wasu har da miƙewa. Daga baya na ji wata mata tana gaya wa mijinta cewa al'adar Afirka ce, makarantar ce ta shirya.

Hajiya ba ta tafa ba, hannunta yana kan aiki. Kafin mu kai mota bidiyon ya zaga Bukit Jalil, ya je Taman Melati, ya tsallaka Kano. Surukata ta kira tana dariya har tana tari, ta ce a ba ta takwararta.

A hanyar gida faifan ya ɗora daga inda ya tsaya. Can maigidan ya ce, "Ni wallahi ban san lokacin da na tashi ba." Na ce ni ma. Shugabar makarantar ta kira ranar Lahadi, cikin ladabi, ta ce sun ji daɗin al'adarmu ƙwarai, amma nan gaba a bari sai an tashi. Kwamitin Tarbiyya ya kafa wani ƙaramin kwamitin don ya binciki Sakatarensa, kuma da yake shi ne mai rubuta abin da aka tattauna, har yau rahoton bai fito ba. Zaɓe dai ya sha ƙasa, ko wanda ya ja shi gefe a mamak bai zaɓe shi ba. Ustaz kaɗai ya zo har gida. Da zai tafi maigidan ya rage masa hanya, na leƙa ta taga na ga motar ta daɗe a ƙofar gini ba ta tashi ba, na san yau maɓallin nan bai gyaru ba.

Ranar Litinin da safe yarinyar ta goge ƙahon, ta sa a akwati, ta ajiye a bakin ƙofa kamar yadda aka umarce ta. Ubanta ya fito yana ɗaura agogo, ya dubi akwatin, ya dube ta.

Ya ce, "Mamana, in an tashi ki dawo da shi. Kada ki bari yaran nan su taɓa miki."

Ta ce, "But Abba, you said..."

Ya ce, "Wanda ya yi liƙi a bainar jama'a ba ya komawa ya ce kiɗan ba daɗi. Wuce mu je, za ki makara."

Tsakanina da ita kuwa ba abin da ya canja. Na ci gaba da kiranta Ke, ta ci gaba da amsa mini da Turanci. Sai ranar Laraba da yamma, ina kwashe tuwo, na ji wani baƙon sauti daga cikin durowa. Ba ya cikin faifan, don faifan na san shi ciki da bai. Sama yake hawa, can ƙololuwa, yana karkarwa, sai ya tsinke. Ta sake, ya sake tsinkewa. Na tsaya da mara a hannu. A karo na gaba ya ɗan daɗe kafin ya faɗo, sai na gane abin da take nema, guɗata ce.

Ta fito da ƙahon, zaren atamfa a kan hijabinta, ta tsaya a ƙofar kicin. Da Hausa ta yi maganar, a hankali, tana zaɓen kalmomi.

"Umma, ki ƙara yi in ji. Ban kama ƙarshen ba."

Na ajiye marar, na goge hannu a zani. Na ce, "Ke, rufe taga tukuna."

Ta rufe, ta dawo ta ɗaga ƙahon, ta tsaya tana jirana.